Sunan Tagwai a Jikin Injin Zarto

Rumfarmu ɗaya da Tagwai Bitrus a bakin titi a Gonin Gora. Shi kafinta ne, ni kuma aikina sa wa kujeru soso da yadi. Ya haɗa ƙashin kujera ya turo mini, ni in yi mata sutura. Haka muka zauna har furfura ta fito mana, tasa ta riga tawa. Sunana Nuhu. Ban yi boko mai zurfi ba, amma abin da ya faru da abokina a gabana ya faru, kuma ba na so a binne shi tare da shi.

Su biyu aka haifa, ɗan'uwan bai kai yaye ba, sai sunan ya zauna masa shi kaɗai. Yakan ce shi ya sa yake cin tuwon mutum biyu, kar na wancan ya yi asara. Babansu ya baro ƙauyensu na wajen Zonkwa ya zo aikin masaƙa a Kakuri. Da masaƙa ta mutu tsohon ya koma gona, ya bar Tagwai a hannun wani kafinta a Narayi, Baba Matthew. A wurin wannan tsohon ya koyi jan zarto, ya koyi faɗa da kwastoma, ya kuma koyi abin da zan ba ku labari a kansa.

Baba Matthew ba ya yarda sabon kayan aiki ya taɓa katako sai an sa masa suna. Ranar da ka sayi guduma ko zarto, ka sa ƙusa a wuta ta yi ja, ka ƙona haruffan sunanka a ƙotar. Kafintoci mutane ne masu aro, kuma mai aro yana da mantuwa. Ban da haka, tsohon yakan ce musu duk abin da ke ɗauke da sunanka, in ya yi ɓarna a hannun wani, kai za a zo nema. Tagwai ya riƙe wannan kamar ayar Littafi Mai Tsarki. Komai nasa akwai T.B. a jiki, har cokalin da yake shan koko da shi.

Nakan ce masa, "Mutumina, ka sa wa kayanka tarin tibi, wa zai sata?"

Sai ya ce, "To ai magani ke nan. Kai da almakashinka ba suna, sau nawa ka sayi sabo?"

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kar in yi masa ƙarya don ya mutu. In kwastoma ya kawo ɗanyen katako, sai ya shinshina ya ce a mayar, ko da mutumin ya yi rantsuwa ya bushe. Kujerar da ya gama haɗawa, in ya zauna ya ji ƙafa ɗaya tana rawa, a gabanka zai warware ta, ni kuma ina tsaye da yadi na yanka ina jira. Yana waƙoƙin coci yana aiki, da muryar da 'yan kwayar cocinsu suka roƙe shi ya riƙa ajiyewa a gida. Ranar da matata ta rasu, shi ya haɗa akwatin, bai bari na ga lokacin da ya yi ba, bai kuma taɓa ta da maganar ba.

Damina ta bara numfashinsa ya fara guntulewa. Ya ja zarto kaɗan, ya tsaya ya dafa tebur kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Matarsa Celina, wadda muke kira Maman Vivian, ita ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya ba shi magani, ya ce aikin ƙarfi ya ƙare, musamman jan zarto.

Ya dawo rumfa yana huci. "Wai kar in ja zarto. To me zan ja, kunnen kwastoma?"

Manyan falankai a kasuwar katako ake tsaga su da babban inji, wannan ba damuwa. Amma aikin kafinta yanka ne daga safe har yamma, a rage nan, a daidaita can, ba za ka ɗauki kowane guntu ka hau keke da shi ba. Ga Vivian, babbar 'yarsa, tana makarantar koyon jinya, ga ƙannenta uku. Duk bakin nan daga wannan tebur suke ci. In Tagwai ya ajiye zarto, gidan ya tsaya. In ya ci gaba da ja, zuciyar ta tsaya. Hanya ɗaya ta rage: injin zarto na hannu mai aiki da lantarki, wanda zai yi masa jan, shi ya bi layi kawai.

Na raka shi wani shago a layin masu kayan aiki a Kakuri. Mai shagon ana ce masa Oga Wilfred, mutum mai fara'a da farin haƙori, irin wanda ke tambayar lafiyar iyalinka tun bai san sunanka ba. Ya faɗa mana farashi. Tagwai ya koma ya sayar da babur ɗinsa. Da muka dawo, kuɗin ya ƙaru.

"Dala ce, Baba. Ba ni ba ne. Jiya ma da ka zo da ka samu a tsohon farashi."

Tagwai ya ce, "Injin yana nan zaune a kan kanta, dala ta biyo shi har nan ta same shi?"

Wilfred ya yi dariya har da tafa hannu. Ya sauko da injuna iri uku ya jera. Na farko ya ce na masu wasa ne. Na biyu ya ce ba laifi. Na uku ya fito da shi daga kwali da hannu biyu kamar jariri, ya ce wannan shi ne orijina, ka saya sau ɗaya ka bar wa jikoki. Kuɗinsa ya kusa ninka na biyun. Na taɓa Tagwai na ce na tsakiyan ya isa. Ya ce shi bai saba sayen abu sau biyu ba. Maman Vivian ta ba da abin da ta tara na kasuwancin citta, aka cika.

Wilfred ya tayar da janareta, ya sa injin a soket, ya danna. Faifan ya juya a iska da ƙara mai daɗi. Tagwai ya ciro wani guntun katako da ya taho da shi a aljihu, ya ce bari ya gwada.

"A'a Baba, in haƙorin ya taɓa katako ai ya zama tsoho. In ka fasa saye wa zan sayar wa? Ka ji muryarsa dai. Garanti ni ne. Ko tari ya yi ka dawo mini da shi."

Muna isa rumfa, tun bai cire takalmi ba, ya roƙi garwashi a wurin mai gasa masara da ke gefenmu. Ya sa ƙusa. Ƙotar injin roba ce, ƙusar ta shige kamar a man shanu, wari ya cika rumfar. T.B., manya, a inda tafin hannu ke zama. Maman Vivian ta zo da kunu, ta ɗora hannu a kan injin ta yi addu'a, mu muka ce amin.

Kwanakin da suka biyo baya su ne na ƙarshe da na ga abokina yana murna. Ya yanka abin da ke bukatar yanka, ya yanka wanda ba ya bukata. Ya rage ƙafar bencin mai masara da ta daɗe tana ƙorafi a kai. Waƙa ta dawo, injin yana rufe muryar, na ce wannan ma wata ni'ima ce. Duk farin katako ne mai laushi yake ta yankawa, ba mu lura ba.

Sai wata mata daga Narayi ta ba shi aikin ƙofofin sabon gidanta, na madaci, tana so kafin Kirsimeti. Madaci katako ne mai tauri. Ya ɗora injin a falanki na farko, bai kai tsawon hannu ba ƙarar ta canza, ta koma kamar gurnani. Hayaƙi ya fito ta ramukan gefe, siriri, sannan ya yi shiru. Ya danna, ya sake dannawa. Ba komai.

Washegari muka koma Kakuri. Wilfred ya tare mu da "Baba na kaina!" Ya karɓi injin yana cewa ba damuwa, ba damuwa, yana juya shi. Da idonsa ya kai kan ƙotar, sai ya ajiye shi a kan kanta ya ja hannunsa baya.

"Wannan fa?"

"Sunana ne."

"Kai Baba! Ka yi masa tsagar gado? Ai ya zama ɗan gidanku. Kamfani ba sa karɓar abin da aka yi wa rubutu."

"Cewa ka yi garanti kai ne. Ba ka ce kamfani ba."

"Ni ma ai a wurinsu nake mayarwa. Kuma wa ya sani ko wutarku ce ta ƙone shi? Wutar Gonin Gora ai sai addu'a."

Na ce da janareta muka yi aiki. Ya ce to janaretan ne. Wani mai saye ya shigo, ya juya wurinsa da wannan fara'ar da ya yi mana, ya bar mu tsaye kamar masu bara. Muka jira har muka gaji, muka ɗauki kayanmu.

Aka kwatanta mana wani mai gyara a Makera, Malam Dalhatu, wanda ke naɗa wa injuna sabuwar waya in sun ƙone. Dattijo ne mai ƙaramin shago cike da matattun fanka. Ya kwance ƙusoshin da yake gani, injin ya ƙi buɗewa, ya ce akwai ɗaya a ɓoye. Ya sa farce ya ɓare babbar sitikar da ke gefen injin, mai sunan kamfani da zanen tuta. Ƙusar tana ƙarƙashi. Ba ita kaɗai ba.

An goge wurin da sanfefa, amma ƙuna ba ta gogewa duka. Ko ni na iya karantawa. EMMA.

Malam Dalhatu ya buɗe cikin ya duba. Ya ce an taɓa naɗa wannan injin, kuma da wayar banza, fara ce aka shafa mata launin jan ƙarfe. Ya ce ko ya sa mai kyau, sauran kayan cikin sun riga sun ci wuta, zai yanka mai laushi na ɗan lokaci, ranar da ya haɗu da mai tauri ya sake mutuwa. "Ba zan karɓi kuɗinka ba, Malam. Ka mayar wa mai shi."

Tagwai ba ya jin sa. Yana shafa haruffan da babban yatsa. Can ya ce, "Nuhu, wannan da ƙusa aka yi. Kafinta ne."

Na ɗauka in muka nuna wa Wilfred zai ji kunya, ko ya yi musu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya leƙa waje, ya ce mu shigo ciki, ya ba mu kujeru, ya aika aka kawo lemo mai sanyi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce mu manya ne, mu yi maganar manya. Kasuwa ta yi wuya, shi ma haka ake yi masa daga sama. Ya ce Tagwai ya bar masa injin. Zai ba shi na tsakiyan nan, sabo a kwali, wanda ya tabbata yana cin madaci, ba sai ya ƙara ko sisi ba.

Zuciyata ta yi sanyi. Na fara godiya.

Tagwai ya ce, "Wannan ɗin kuma me za ka yi da shi?"

"Wannan ai matsalata ce, Baba."

"Ina tambaya ne."

"A ɗan taɓa shi, a naɗe ƙotar da sabuwar roba, a sa sitika. Ya koma kwali."

"Ka sayar wa wa?"

"Wanda Allah ya kawo."

"Da sunana a ƙarƙashi."

"Wa zai gani?"

"Ni ai na ga na Emma."

Ya miƙe, ya ɗauki injin ya rungume, ya fita. Lemonsa ko buɗewa bai yi ba. Wilfred ya dube ni ya ce, "Abeg ka yi wa mutuminka magana. Taimakonsa nake so in yi."

Na yi masa magana. A cikin bas na yi, mutane suna jinmu, ban damu ba. Na ce Emman da ya riga mu sayen injin ai ya karɓi nasa canjin ya tafi, yana can yana aikinsa, 'ya'yansa suna cin abinci.

Ya ce, "Shi ya sa ni nake nan."

Na ce in sunan ne damuwar, ga sanfefa a rumfa, ya goge da hannunsa har ya ɓace, sannan mu kai.

Ya ce, "In na goge, injin zai warke?"

Na ce wanda zai saya ba mu san shi ba, watakila mai kuɗi ne, watakila ɗan kwangila ne da ba zai ji a jikinsa ba. Ya ce mai kuɗi ba ya zuwa shagon Wilfred da guntun katako a aljihu. Na ce, "Tagwai, zuciyarka fa." Ya juya yana kallon taga, numfashinsa yana fita da ƙara har Gonin Gora.

Maman Vivian ta zo rumfa da kanta. Ta durƙusa masa a gaban jama'a, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Ta ce, "Baban Vivian, ba kai ka yi cutar ba. Kai aka cuta. Ka karɓi haƙƙinka ka bar shi da Allah." Ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata zani, ya ce ya ji. Ina jin ya ga irin kallon da muka yi wa juna ni da ita, ya san in ya juya baya ɗayanmu zai ɗauki injin ya hau bas. Tana tafiya ya ajiye injin a ƙasa, ya ɗauko babbar guduma. Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama farfasa shi. Ya tattara tarkacen a buhu ya ba masu sayen ƙarfe.

Kwana biyu ban yi masa magana ba. Shi ma bai nema ba. Ya sauko da tsohon zartonsa daga ƙusa ya wasa haƙoran.

Na gwada taya shi. Ya duba yankan da na yi, ya ce, "Wannan ƙofa ce ko hanyar Kachia?" Ya karɓe zarton. Abin da za a iya kaiwa kasuwar katako mun kai, amma ƙofa tana da ƙananan yanka masu yawa, kuma matar tana ta waya. Mun nemi aron inji a wurin kafintoci biyu, lokacin kowa aikin Kirsimeti ya sha masa kai. Ya ce zai riƙa yi a hankali. Tagwai bai san a hankali ba.

Shekara da shekaru ina jin zarton nan a bayana, na san tafiyarsa kamar bugun ƙirjina. Ran nan da rana tsaka ina ɗinkin matashin kujera, sai na ji ya tsaya a tsakiyar ja, ba inda ya saba tsayawa ba. Na juya. Yana zaune a ƙasa ya jingina da ƙafar tebur, zarton yana tsaye a cikin falanki. Leɓensa ya yi toka.

Na rungumo shi ina kiran sunansa. Ya ce, "Nuhu, tare katakon nan, kar ya tsage."

Mai masara ta tsayar mana da keke mai ƙafa uku. Kansa yana kan cinyata, ina ta yi masa surutu, ban san me nake faɗa ba. Mun isa asibiti da ransa. Bai kai yamma ba.

A ƙauyensu muka binne shi. Akwatin saye muka yi, kuma da yana gani da ya warware shi, murfin bai zauna daidai ba. Fasto ya ji labarin injin, ya yi wa'azi a kai, ya ce ga mutumin da ya zaɓi suna mai kyau. Jama'a suna gyaɗa kai suna cewa amin. Ni na kasa. Ina kallon Maman Vivian da yara huɗu a benci na gaba, ina tunanin duk masu amin ɗin nan gobe kowa zai koma gidansa.

Haka kuwa aka yi. Matar Narayi ta aiko aka kwashe katakonta, wani ya ƙarasa mata da inji cikin 'yan kwanaki. Shagon Wilfred yana nan, ya ma fasa bango ya haɗa da na kusa. Na wuce ta wurin sau ɗaya, ya gane ni, ya fito ya kama hannuna ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne amma akwai taurin kai. A bayansa kwalaye jere har sama, kowanne da sitikarsa mai ƙyalli. Tagwai ya fasa guda ɗaya. Ban san nawa suka rage ba. Mutumin da Tagwai ya ceta daga sayen wancan, ko wane ne, bai san an yi ba, watakila ma ya zo ya sayi na kusa da shi.

Vivian ta bar makaranta. Tana taya uwarta sayar da citta da doya a bakin titi, ba nisa da rumfar. Wani lokaci takan kawo mini abinci, ta zauna a kan bencin babanta har in gama. Kwanan baya ina cikin ci ta ce, "Kawu Nuhu, in tambaye ka, ka faɗa mini gaskiya?"

Na ce ta tambaya.

"Da kai ne, da ka karɓi ɗaya injin?"

Na so in ce mata a'a. Na so in ce babanta ya yi daidai, kowane mutumin kirki haka zai yi, don ta samu abin riƙewa. Amma 'yar Tagwai ce, da ta gane.

Na ce, "Da na karɓa, 'yata. Da gudu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Kowa yana ce mini in yi alfahari da shi. Ina yi. Amma ni babana nake so."

Na rufe kwanon na miƙa mata. Ta tattara kwanukan ta koma wurin doyarta, don wata mota ta tsaya.